Wanda Ya Zaɓi Motar Yayanku

Ku ukun nan kun tashi da labari guda a kunnenku, wai babanku ne ya kori yayanku daga gida saboda mota. Ke Hadiza, ran sunan ɗan Sale na ji kina faɗa wa ƴaƴanki haka a tsakar gida, kina cewa kakansu mutumin kirki ne, illa dai yana da riƙo, kuma bai yarda da hannun kowa ba sai nasa. Ina ɗaki ina jin ki. Ƙafa ce ta tsufa, kunnen yana nan yadda kuka san shi. Ban ce uffan ba, don shiru a kan wannan magana ya riga ya zame mini jiki, amma tun ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Mutumin nan ya daɗe a ƙasa, ba shi da bakin kare kansa, kuma ko da yana da rai ba zai kare ba. Saura ni. To ku karanta a hankali. In kun ga ina ta kewaye-kewaye ku yi haƙuri, kun san uwarku ba ta iya shiga magana ta ƙofa sai ta zagaya bayan gida.

Bari in fara da abin da ku ƴan yanzu kuke yi wa dariya. Yayanku Isuhu shi ne ɗana na fari. Hannuna ne ya rubuta sunan nan, bakina bai taɓa furta shi ba tun ran da aka raɗa masa. A Damagaram inda aka haife ni haka muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta zaman hira da shi, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗauke shi ba. Da an yaye shi kakarsa ke ɗauka ta riƙe, sai kunyar ta zo da sauƙi tunda ba gida ɗaya kuke ba. Ni kuwa babanku ya kawo ni Tamanrasset da yaron a bayana, nan ba uwa ba uwar miji, ba inna ba gwaggo. Na raine shi da hannuna, ina yi masa wanka ina kallon bango. In zan ba shi abinci sai in ajiye kwano in ce, "Ga na mai rabo nan." In ina son ruwa sai in dubi randa in ce, "Ke kam kin bushe," shi kuma ya ɗauki guga. Ya iya wannan yare nawa tun yana ƙarami, har wani lokaci yakan amsa wa randar yana dariya. Shekara goma sha takwas muna gida mai ɗaki uku, ban taɓa zaunar da shi na ce ga abin da ke zuciyata ba.

Ga kuma abu na biyu. Hanyar kudu, wadda ta bi ta In Gezam ta gangara Agadas, sau ɗaya na bi ta a rayuwata, ran da aka kawo ni. Muna can saman kamiyo, babbar motar kaya, kan buhunan gero da lalle, motar ta nutse cikin rairayi, muka kwana huɗu a wuri ɗaya. Ana raba mana ruwa da murfin buta. Nonona ya ɗauke, yaron yana tsotsa yana kuka har muryarsa ta tafi, sai baki kawai yake buɗewa. Kusa da mu akwai ƙwarangwal ɗin wata mota da rairayi ya cinye rabinta, da tarin duwatsu uku a jere. Ba wanda ya gaya mini ko na mene ne, ni ma ban tambaya ba. Da Allah ya fisshe mu na sa ƙafa garin nan, na ce ni da hanya har abada. Kun dai san ni, daga gida sai gidan suna ko na rasuwa. Ko kasuwar da kantin babanku yake, sau nawa kuka gan ni a can?

Sai Allah ya jarrabe ni da ɗan da ba ya son komai sai hanya. Tun yana shekara goma sha huɗu ya ƙi zaman kanti, ya manne wa Gali makanike, wani Ba'agadashe mai garaji a bayan kasuwa, baki kamar aska, hannu kamar an tsoma shi a tukunyar baba. Can yake yini ƙarƙashin motoci, ya dawo da riga wadda sai na jiƙa ta da toka kwana biyu. A shekarar da sojan Faransa suka soma kwashe komatsansu daga In Amgel, mai jarraba direbobi ya zo daga arewa, yayanku ya ci zuwa ɗaya, aka ba shi permi, takardar tuƙi. Ya shigo gida da la'asar ina surfe. Ya aza takardar kan faifai kusa da turmi, ya dubi sama.

"Ban sani ba ko masu gidan nan suna son ganin takarda."

Na dubi kazar da ke tsintar tsaki a ƙafata na ce, "Ashe dai an yi abin kai."

Ya yi dariya ya fita. Yana fita na goge hannu na ɗauka. Akwai hotonsa a jiki, ya sha kunu kamar babban mutum, ga ɗan gashin baki bai gama fitowa ba. Ban taɓa samun damar kallon fuskarsa yadda nake so ba sai ranar, a kan takarda. Na daɗe ina kallo har gero ya bushe a turmi.

Babanku ya riga ya yi masa alkawarin mota. Ba don gata kaɗai ba. Shi ɗan ayari ne tun asali, ya ja raƙuma yana yaro kafin ya zauna kanti, kuma duk kayansa, turamen zane, lalle, barkono, a motocin wasu ake kawo masa, sai ran da suka ga dama. Burinsa kenan a duniya, motarsa, ɗansa a sitiyari, kayansa daga Damagaram har ƙofar kanti. A shekarar kuwa mota ba ta wuya, Nasara na tafiya suna barin abin da ba za su iya ɗauka ba. Gali ya nemo guda biyu. Ɗaya kamiyon soja ne, kore, dogo, mai ja da ƙafa huɗu. Ɗayar ƙarama ce fara, mai buɗaɗɗen baya, ta wani malamin lekkol, makarantar boko, da zai koma ƙasarsu. Babanku ya je ya dubo su kamar yadda ya saba duba raƙumi, ya ƙwanƙwasa nan, ya latsa can, ya auna tsayin cikinsu daga ƙasa da sandarsa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zauna zaure da Gali da yayanku, ni ina bayan bango ina tankaɗe. Bangon zauren nan kun san shi, ko tari aka yi ina ji.

"Madugu," in ji Gali, don haka yake tsokanar babanku, "kamiyon nan amale ne, ƙaton raƙumi. Ka ga cikinsa? Ɗan akuya zai wuce ƙarƙashinsa bai sunkuya ba."

"Na auna," in ji babanku. "Kamu guda da ɗoriya. Ita ƙaramar fa?"

"Amarya ce. Lafiyarta ƙalau, Nasaran nan ya fi kula da ita bisa ga matarsa. Silet za ta je ta dawo, In Amgel za ta je, Tahifet ma in an lallaɓa ta kan duwatsu. Amma cikinta taƙi ɗaya ne daga ƙasa. Ka ɗora mata kaya ka kai ta rairayin In Gezam, ta kwanta kamar kaza kan ƙwai. Jandarman bakin hanya ma ba za su buga maka hatimin fita da ita ba."

"To Baba, ai ba sai an tsaya shawara ba," in ji yayanku.

"Kai, rufe mana baki, manya na magana."

Amma da dariya a muryar babanku ya faɗa, su duka suka kwashe da dariya. Ni kuwa rariya ta tsaya a hannuna. Duk abin da aka faɗa a zauren nan guda ɗaya ne ya shiga kaina ya zauna: ashe akwai motar da ba ta iya kai mutum kudu ko yana so.

Kwana uku ina juya abin. Yayanku kuwa har ya fara shiri. Ya sa an ɗinka masa salka biyu, ya samo dogayen ƙarafan nan da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse, ya jingina su bayan ɗaki, kullum sai ya je ya taɓa su. Na gaya wa Raishatu maƙwabciyarmu, mutuniyar Abzin, wadda ke Hadiza kike tunawa da ita saboda cukun da take ba ki. Ita ce kaɗai aminiyata a garin nan, kuma ba ta taɓa gane kunyarmu ba. Nata ɗan farin a cinyarta yake aza kai har ya yi gemu.

"Ku Hausawa kun cika wahal da kanku," ta ce. "Ɗanki ne, ke kika haife shi, ba aro kika yi ba. Kira shi ki ce, ina tsoro, kada ka bi hanyar nan. In ya ji, to. In bai ji ba, ya dai san abin da ke ranki."

"Ɗan fari? In dubi idonsa in ce ina tsoro saboda shi? Ai gara ƙasa ta tsage in shige."

"To ni in gaya masa."

"Ran da kika yi haka mun ɓata."

Ta tafa hannu ta ce Allah ya shirye ni. Da na bar ta ta faɗa, da yau ban zauna ina wannan rubutu ba.

Rana ta huɗu da hantsi, yayanku ya tafi garaji, ku kuna lekkol, Auta na barci, babanku na shan kunu kafin ya fita kanti. Na zauna bakin tabarmarsa, abin da ba na yi sai da magana. Ya dube ni ya ajiye ludayi.

"Malam, motar da za a saya wa yaron gidan nan."

"Ina jin ki."

"An ce akwai ƙarama."

Ya daɗe yana kallona, kuma na ga ya gane komai, don shi ma yana saman kamiyon nan kwana huɗun, shi ne ya riƙa ba ni rabon ruwansa yana cewa ya sha.

"Kin san abin da kike roƙo?" ya ce. "Yaron nan ya gaya wa duk garaji. Zai ce na raina shi."

"Gara ya ce haka yana raye."

"Rai a hannun Allah yake, ba a cikin mota ba. Mutane nawa ke bin hanyar nan suna dawowa? Ki gaya masa da bakinki mana, ko ta bayan labule. Maganar uwa ai ba ta faɗuwa ƙasa."

"Ka san ba zan iya ba."

Sai na yi abin da ban taɓa yi masa ba tun aurenmu, na yi kuka gabansa. Na ce ya kawo ni ƙasar da ba ni da kowa, ban taɓa cewa ya maida ni gida ba, ban taɓa roƙonsa zane ko awarwaro ba, wannan kaɗai nake roƙo. Na san inda zan taɓa shi, kuma can na taɓa. Ya tashi ya ɗauki rawaninsa, kunun bai shanye ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Shi ke nan, magana ta zama tawa. Ni ba zan ce ke ce ba. Ran da kika ga dama kya faɗa."

Bayan kwana biyu Gali ya tuƙo ƙaramar har ƙofar gida. Yara suka baibaye ta, ku biyu kuna ciki, kai Sale har ka hau baya kana tsalle. Maƙwabta suka fito ana ta barka. Ina leƙe ta kafar ƙyaure. Yayanku ya iso da gudu daga kasuwa, ya tsaya, yana duban motar yana duban ubansa, yana murmushi kamar mai jiran a ce wasa ne. Babanku ya miƙa masa mabuɗi.

"Baba, wannan ai ta kai mata gidan biki ce."

"Ita na saya."

"Kamiyon fa? Me na yi?"

Gaban mutane ya tambaya, dole a ba shi amsa gaban mutane. Babanku ba maƙaryaci ba ne, bai iya ƙarya ba, shi ya sa da ya tashi yi ya ɗauko mafi muni.

"Hannunka bai nuna ba tukuna. Takarda daban, hanya daban."

Gali, wanda ya koya masa tuƙin, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi babanku, ya rufe. Yayanku ya karɓi mabuɗin da hannu biyu, ya durƙusa ya ce an gode, Allah ya ƙara arziki. Ya shigo gida ya wuce ni, ya je bayan ɗaki ya kwashi ƙarafan da salkunan ya maida wa Gali. Da babanku ya shigo na ce masa ai da ya ce kamiyon ne ke da ciwo a inji.

"Gaban Gali? Shi da ya kwance injin da hannunsa?" ya ce. "Ki bar ni, don Allah."

Zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: watannin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin duniya irinsu ba. Yayanku na fita da safe, ya je Silet ko lambunan Tahifet ya ɗauko tumatir, albasa, alkama, wani lokaci tumaki biyu a baya suna kuka, kafin magariba ya dawo. Na san kukan injin nan tun daga kwanar masallaci, akwai ɗan tari da take yi in ya sassauta. Da na ji sai in sauke tukunya. Kullum yana gida, kullum ina ajiye kwano. Motar kuwa bai taɓa wulakanta ta ba, yana wanke ta yana shafa mata mai kamar yana sonta. Na ce wa zuciyata zai saba, yaro ne, in ya yi aure ma shi da kansa zai gode.

Amma kunnen da ya jiyo mini maganar zaure shi ya riƙa jiyo mini sauran. Direbobin manyan motoci sun sa masa suna Sarkin Lambu. In ya wuce ta tasharsu sai su ce, "Ranka ya daɗe, yau ina aka nufa, Makka ko Silet?" Wani ya ce a ba shi hanya kada tumatir ya fashe. Yara suka ɗauka, har ƙofar gida ana kiransa da shi. Ya daina amsa wa randa. Ya daina cin abinci kwano ɗaya da ubansa, sai ya ce ya ci a hanya, bayan an kwashe kwanuka in ji shi yana kankare tukunya. Gaisuwa ba ta yanke ba, yana durƙusawa safe da yamma, amma iyakarta kenan, ina kwana, lafiya lau. Babanku ya rame a shekarar. Yakan zauna zaure shi kaɗai da butar shayi, ya zuba kofi biyu bisa sabo, ya juye ɗaya cikin buta. Kamiyon kuwa wani Balarabe ɗan kasuwa daga In Sala ya saye shi, kuma kamar da gayya hanyarsa ta bi ta ƙofar kantinmu. In ya dawo daga kudu da kaya har sama, mutane a kai sun yi fari da rairayi, direban na danna oda, duk kasuwa sai ta fito kallo. Cikin kayan har da na babanku.

Raishatu ta ce mini, "Ke, gidanki na cin wuta kina shara." Na ce wuta ce ta kara, za ta mutu.

Wata goma sha ɗaya aka yi a haka. Sai direban Balaraben nan ya nemi mataimaki, Gali ya ce ba wanda ya san cikin kamiyon nan kamar yayanku. Ban ji wannan ta bango ba, ba wanda ya yi shawara da kowa. Wata safiya dai ya wanke ƙaramar tas, ya cika mata ruwa da mai, ya ajiye ta gindin bango. Ya sami ubansa a zaure ya ajiye mabuɗi kan tabarma.

"Baba, ga amanarka. Ba ƙwarzane ko ɗaya. Na samu aiki, yau za mu tashi Agadas."

"A wace mota?"

"Wadda hannuna bai nuna mata ba."

Babanku ya ce, "Allah ya tsare hanya."

Ku duba abin da dabarata ta haifa. Hanyar da na guje masa ita zai bi, a motar da na hana shi, kuma ba a matsayin mai ita ba. Da tasa ce, shi zai ce yau a tashi, yau a fasa, kaya sun yi yawa, a jira abokan tafiya. Yanzu yaron wani ne, in an ce tafi sai ya tafi.

Ya shigo cikin gida. Ina madafa, na ba ƙofa baya, ina daka masa tukuɗi, gero da dabino da cuku, don tun da na ji ana wanke mota da sassafe jikina ya ba ni. Ya durƙusa bakin ƙofa. Bai yi wa turmi magana ba, bai yi wa bango ba, ni ya yi wa.

"Inna, zan tafi. Ki yafe mini. Na san da ta ke ce, da babbar aka saya mini. Ke ba ki taɓa raina ni ba."

Babanku na tsaye tsakar gida, ya shigo ɗaukar buta, ya ji. Ina ganin inuwarsa a bangon madafa, ba ta motsa ba. Jira yake. Kalma biyar ta isa, ni ce, ba shi ba. Taɓarya na hannuna, na ɗaga na sauke, na ɗaga na sauke. Na ƙulle tukuɗin a tsumma na miƙa ta baya ban juyo ba.

"Allah ya kiyaye matafiya," na ce.

Inuwar ta ɗauki buta ta fita.

Kada ku ce kunya ce ta riƙe bakina a ranar. Da farko kunya ce, na yarda. Amma a madafar nan ba ita ba ce. Maganar da ya faɗa mini ta yi mini daɗi, ita ce magana mafi daɗi da ya taɓa yi mini, kuma ban so in mayar ba.

Hanya ba ta ci shi ba. Ya bi ta shekara shida, ya zama direban da ake ba da labarinsa, har waɗanda suka kira shi Sarkin Lambu suna neman su bi bayansa in za a shiga rairayi. In motarsu ta sauka garin nan a garaji yake kwana. Yakan je kanti ya gai da ubansa a tsaye kamar mai sayen kaya, ya shigo gida ya ajiye mini mayafi ko sukari, ya ba ku alawa, ya fita. Daga baya ya koma hanyar arewa, ya yi aure a Wargla, zuwan ya koma shekara-shekara, sannan ya koma saƙo a hannun direbobi. Saƙon kullum da sunana. Ƙaramar motar ta daɗe gindin bango har tayoyinta suka sace, kaji na ƙwai a ciki, kafin babanku ya ba Gali ita. Bai sake maganar sayen mota ba. Ku kuma kuna girma kuna jin mutane na cewa Malam ya yi wa ɗansa rowa ya rasa shi, kuka ɗauka, ni ina ji ina tuƙa tuwo.

Sau ɗaya na yunƙura. Lokacin da ciwon ƙarshe ya kwantar da babanku, wata rana da azahar ina ba shi ruwa, na ce zan sa Sale ya rubuta wa yaron nan, ya zo, in faɗa masa komai. Ya girgiza kai a kan matashi.

"Bar shi. Shekara nawa yanzu? In kika faɗa, ni ba zai dawo mini da shekarun ba, ke kuma zai rasa ki. Gara ya rasa ɗaya da ya rasa biyu."

Na ce to. Da sauri na ce to, kuma ya lura da saurin, ya yi ɗan murmushi ya rufe ido.

Yayanku bai samu jana'iza ba, ya iso ran sadakar bakwai. Kun tuna, ya yi furfura a gemu, ya zauna cikin maza ana yi masa gaisuwa. Da yamma ya je maƙabarta shi kaɗai, ya daɗe. Da ya dawo ya same ni ɗakin takaba, ya zauna nesa da tabarmata, idonsa ja.

"Inna, na je wurinsa. Na daɗe ina riƙe da shi a raina, amma yau na sauke. Na yafe masa."

Allah ne shaidata na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "An kyauta. Allah ya yi albarka."

Ya yafe wa wanda bai yi masa laifi ba, ya koma Wargla zuciyarsa wasai, yana ganin ya yi wa ubansa alheri. Ni mai laifin har gobe mayafi yake aiko mini, akwatina ya cika, ban iya yafa ko ɗaya ba.

To kun ji. Babanku bai yi rowa ba, bai kuma raina hannun ɗansa ba. Sau da yawa in labarin tuƙin yayanku ya zo kanti, sai ya dawo gida ya maimaita mini shi kalma-kalma, yana kallon ƙasa don kada in ga fuskarsa. Sale, ka kwafe wannan da hannunka mai kyau ka aika Wargla kafin azumi. Kada ka gyara, kada ka sassauta, kada ka ƙara cewa tsohuwa ce a yi mata uzuri. Shi ma ya fara tsufa, ba na so ɗayanmu ya riga takardar nan tafiya. In ya karanta ya zo, ku buɗe masa ƙofa ku bar mu. In bai zo ba, kada wanda ya ga laifinsa, kuma kada wanda ya je biko. Abin da nake so ɗaya ne, ya sake komawa kabarin nan, wannan karon ba don ya yafe ba.